Kilishin Kwakwa: Abin Da Na Sama Wa Baba Bayan Likita Ya Raba Shi Da Nama

Kwana uku bayan Sallar layyar bara, ana shirin kiran assalatu, Inna ta bugo mini waya ta ce in zo gida yanzu-yanzu. Tsakanin gidan aurena da gidanmu a unguwar Hausare lungu biyu ne, ko mayafi ban gama yafawa ba na isa. Na tarar da Baba zaune a bakin gado ya miƙe ƙafar dama, babban yatsan ya kumbura ya yi jajir yana ƙyalli. Ko gefen zane ya shafi wurin sai ya runtse ido ya yi salati. Mutumin da ya shekara arba'in a tsaye gaban wuta a kasuwar Garwa ta ƙasar Kamaru, ranar nan sai da ƙannena biyu suka tallabe shi zuwa mota.

A asibiti aka ɗebi jininsa. Likita ya ce ciwon da ake kira gut ne da Faransanci, ya zauna ya yi mana bayani dalla-dalla. Akwai wani sinadari, yurik asid, wanda jiki ke samarwa idan ya narkar da abin da ake kira furin, ƙoda kuma ita ke fitar da shi ta fitsari. In ya yi yawa a jini sai ya daskare kamar ƙananan allurai a cikin gaɓa, ya kuma fi son babban yatsan ƙafa. Jan nama na da furin da yawa, kayan ciki irin su hanta da ƙoda sun fi shi. Ya rubuta magani, ya ce a sha ruwa sosai, a bar lemon kwalba mai zaƙi, kayan ciki a bar su gaba ɗaya, jan nama kuma a ja baya da shi ƙwarai har a ga yadda jinin zai koma.

Baba bai ce uffan ba har muka dawo gida.

Sai wanda ya tashi a gidan mahauta zai san nauyin wannan magana. Baba mahauci ne ɗan mahauci, kuma kilishi ne fanninsa. Mun buɗe ido mun ga nama shanye a kan gadon kara, mun koyi tafiya muna kore masa ƙuda. Ko da ya bar wa ƙannena rumfar, kullum bayan la'asar akan kawo masa kilishin ranar ya ɗanɗana, ya fita da shi ƙofar gida inda abokansa ke taruwa, a dafa shayi, a yi ta yagar nama ana hira har magariba. To ciwon ya lafa cikin kwana goma, amma Baba bai koma ƙofar gida ba. Ya ce ba zai zauna ana tauna yana kallo ba, ba kuma zai hana mutane cin abinsu saboda shi ba. Sai ya yi sallar la'asar ya dawo ɗaki ya kunna rediyo. Wannan zaman ɗakin ya fi kumburin yatsan damuna.

Ƙanwata tana karatun sarrafa abinci a makarantar ENSAI ta Jami'ar Ngaundare, can Dang. Ita na kai wa kuka. Bayan kwana biyu ta turo mini hoto ta WhatsApp: wani abu ne ja-ja, sirara, gefensa a nannaɗe, kai ka ce gutsattsarin kilishi ne da ya rage a ƙasan takarda. Ta ce, "Adda, kwakwa ce wannan." Ta ce a Amurka da Turai akwai mutanen da ba sa cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, su ke yin sa a madadin bekon.

Da na tambayi mene ne bekon, ta ce naman cikin alade ne da ake sa wa gishiri, a turara shi da hayaƙi, a yanka siriri a soya. Inna na kusa da ni tana jin saƙon muryar. Ta ce, "A'uzubillahi! Abin da za ku ba ubanku ke nan?" Na rarrashe ta, muka bi kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya, babu ko ɗigon abin da ya haramta: kwakwa, ruwan waken suya mai gishiri, zumar itace, jan tattasai, ruwan hayaƙi. Duk da haka maganar Inna ta yi mini amfani. Mu ba mu taɓa ɗanɗana bekon ba, ba ma marmarinsa, ba mu da dalilin kwaikwayonsa. Abin da harshen Baba ya sani kilishi ne. Tun daga ranar na ajiye wancan sunan, na sa wa abin da nake nema suna kilishin kwakwa, tun ban san ko zai yiwu ba.

Na zagaya babbar kasuwa da kantuna biyu na cikin gari. Busasshiyar kwakwa mai faɗi wadda ba a sa wa sukari ba, ban samu ba. Ruwan hayaƙi kuwa, duk wanda na tambaya sai ya ce in sake faɗa. Zumar itacen mapul ta Kanada ce, sai an tafasa ruwan itacen kusan lita 40 kafin a sami lita ɗaya, ba abin da zan tsaya nema a bakin Binuwai ba ne. Na kira ƙanwata na ce abin nan ba na ƙasarmu ba ne. Ta ce in bar kallon sunayen kayan, in dubi aikin da kowanne ke yi.

Bayanin da ta yi mini a daren nan shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Ta ce ruwan waken suya abu biyu yake kawowa, gishiri da wannan garɗin da ke sa miya ta yi kamar da nama a ciki. Garɗin na zuwa ne daga sinadarin gulutamet, wanda wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908, kuma duk waken da aka ruɓar yana da shi. "Adda, daddawar Inna fa?" Zuma kuma aikinta ta haɗu da furotin a kan wuta su ba da launi da ƙamshin gashi, abin da Bafaranshe Maillard ya bayyana a 1912, shi ne dai abin da ke faruwa a bayan tsire da ɓawon burodi. Ruwan hayaƙi ba wani sihiri ba ne, hayaƙin itace ne ake sanyayawa ya zama ruwa a zuba a kwalba, don waɗanda ba su da murhu. Mu kuwa murhu ne da mu a tsakar gida. Ita kwakwar, an zaɓe ta ne saboda mai: ɗanya kusan kashi ɗaya cikin uku nata mai ne, in ta bushe ya haura kashi 60 cikin 100, shi ya sa take soya kanta da kanta.

Na sayi kwakwa biyu a wurin wata mata da ta ce daga Duwala ake kawo mata. Kwakwa 'yar bakin teku ce, can su Kiribi da Limbe, kafin ta gangaro mana daga tudun Adamawa ta sha hanya, don haka sai an zaɓa. Matar ce ta koya mini: a girgiza a ji ruwa na motsi sosai, a dubi idanun nan uku a tabbata a bushe suke babu fumfuna, a ɗauki wadda ta fi nauyi a hannu. Wadda ba ta da ruwa ta tsage a hanya, cikinta ya riga ya fara lalacewa.

Gwajin farko da na biyu ba su da dogon labari. Na farko na goge kwakwar a magogi kamar za a yi alawa, na zuba a kasko, kafin in juya sau uku ta ƙone. Na biyu na yanka da wuƙa, amma da kauri, kuma ɗanya sharaf na jefa ta cikin ruwan daddawa. Watan Agusta ne, ruwa ba ya ɗauke wa Garwa ƙafa, iska duk laima. Ta fito tana danƙo kamar ganda, ga gishiri ya yi yawa. Na zubar.

A na uku ne na ce bari in bi hanyar gidanmu. Na karɓo tunkuza wurin maƙwabciyarmu mai ƙuli-ƙuli, na dama labu da kauri irin wanda na ga ana yi tun ina yarinya, da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa, na tsoma yankakkiyar kwakwar a ciki. A gidan su Inna na yi, a ɓoye a bayan madafa, don ban so Baba ya sani sai abin ya yi kyau. Labun ya ƙi kama jikin kwakwar, ya zube a kasko ya fara ƙauri. Ina cikin kankarewa na ji takun sanda a bayana.

"Uwata, me kike ƙona wa mutane? Wannan ai ƙaurin labu ne."

Sunan mahaifiyarsa gare ni, da haka yake kirana. Na gaya masa gaskiya, ina jiran ya ce in bar wahalar da kaina. Ya ɗauki yanki ɗaya ya ɗaga shi sama saitin haske, ya juya shi, ya ce, "Wa ya yanka wannan?" Na ce ni ce. Ya girgiza kai, ya ce wa ƙaramin jikansa ya shiga ɗaki ya ɗauko masa wuƙarsa da ke ƙarƙashin katifa, da dutsen washi.

Wata biyu ke nan ban ga Baba ya nemi wani abu da kansa ba.

Ya zauna a kan turmi ya wasa wuƙar, ya sa na fasa sabuwar kwakwa. A nan ma ya gyara mini: a fara huda ido a tsiyaye ruwan, a bubbuga tsakiyarta da bayan adda ana juyawa har ta rabe biyu, sannan a kifa kowane ɓari a kan garwashi na ɗan lokaci kaɗan. Zafin kan sa naman ya saki ƙoƙon, sai ya fito manya-manya maimakon a yi ta ɓantara. Baƙar fatar da ke bayan naman ya ce kada a fere ta, ita za ta riƙe yankan kada ya karye, ta kuma ba shi baki mai duhu irin na kilishi. Sai ya kama gefen ɓarin yana zare shi da wuƙa, dogo-dogo, faɗin yatsa, siriri har kana hango inuwar wuƙar ta cikinsa. Ya ce ƙa'idar kilishi ke nan tun kakanni: in haske bai ratsa ba, wuta ma ba za ta ratsa daidai ba, waje ya ƙone ciki na ɗanye. Ni hannuna bai kai nasa ba, daga baya na gano abin feraye dankali na fitar da kusan irin wannan kaurin, shi nake amfani da shi in Baba ba ya kusa.

Maganar labu ita ta fi cin lokaci, don a nan ilimin Baba da halin kwakwa suka yi karo. Ya ce nama in ya bushe ƙishirwa yake ji, yana shiga labu sai ya sha ya yi laushi. Kwakwa kuwa mai ne a jikinta, mai da ruwa ba sa ga-maciji. Muka gwada shanya ta har ta bushe ƙayau, sai ta riƙa karyewa wurin juyawa, ruwan haɗin na zamewa ta kanta. Muka gwada ɗanya, ruwan jikinta ya tsinka haɗin. Wurin da ya dace yana tsakiya: ta sha iska har ta daina sheƙin ruwa, in ka lanƙwasa ta ta lanƙwasu ba ta karye ba. Da damina hakan kan ɗauki yini guda ko fiye, wani lokaci ma ta fara wari kafin ta kai. Shi ya sa Baba ya ce mu dakata. Ya ce kilishi ma ba a yi masa gaggawa da damina, mu jira hunturu.

Muka jira. A watan Disamba, da iskar arewa ta sauko, awa uku zuwa huɗu a inuwa mai iska sun isa. Nakan baza ta a faranti mai faɗi in rufe da yadin gidan sauro, don ƙurar hunturu da ƙuda.

Labun da muka tsaya a kansa bai yi kama da na nama ba wajen kauri. Ruwa-ruwa ne, kamar kunun da aka tsinka wa jinjiri. Ga kwakwa biyu manya, waɗanda kan ba da kamar kofi uku bayan an shanya, nakan jiƙa daddawa ƙwaya ɗaya a ruwan zafi cokali huɗu na cin abinci, in murje in tace. A ciki nake zuba tunkuza cokali ɗaya kacal, zuma cokali ɗaya, garin jan tattasai cokali ɗaya, gishiri rabin ƙaramin cokali, sai citta da masoro da tafarnuwa ɗan kaɗan-kaɗan, kanumfari ƙwaya biyu, kimba silli ɗaya da aka cire wa 'ya'ya aka daka. Zumar daga Ngaundal ƙanwata ke kawo mana. Bayan zaƙi da launi, ita ce ke manna kayan yajin a jikin kwakwar, abin da ya gagare ni a gwaji na uku. Kimba kuwa Baba ne ya ce a sa, don ita da kanta ƙamshin hayaƙi gare ta. Masoro in na sami farin nan na Penja nakan fi so, ƙamshinsa ya fi tashi, ba banza aka yi masa rajistar asali a 2013 ba.

Na taɓa gwada ruwan Arôme Maggi a madadin daddawa, kasancewar babu gidan da ba shi a ƙasar nan. Ya yi daɗi, launin ma ya fi duhu. Amma gishirinsa da yawa, in an sa shi dole a janye gishirin gaba ɗaya, kuma Baba ya ce yana jin ɗanɗanon kanti. Na koma wa daddawa. Wanda warinta ke damunsa ya kwantar da hankalinsa, wuta na cinye warin ta bar garɗin.

Ana zuba haɗin a kan kwakwar a juya da hannu a hankali, kamar ana shafa wa jariri mai, har kowane yanki ya samu. A bar shi minti goma sha biyar. Sannan, kamar yadda ake yi wa kilishi, a sake shanyawa. Wannan shanya ta biyu babu ita a abin da ƙanwata ta turo, daga Baba ta fito, kuma ita ta raba mu da matsalar danƙo. Awa ɗaya a iskar hunturu, har in ka taɓa ba ya manne maka a yatsa.

Sai hayaƙi. Mun yi ta tunanin yadda za a turara abu mai laushi haka ba tare da ya faɗa wuta ba. Inna ce, wadda da farko ta yi a'uziyya, ta warware mana. Ta ce, "Yadda nake turara kayanku da turaren wuta mana." Aka kawo babbar tukunya, aka zuba kwakwar a gefe-gefe, aka ajiye ƙaramin kwanon ƙarfe a tsakiya. Ƙoƙon kwakwar da muka fasa shi muka ƙona har ya zama garwashi ja, aka ɗauki guda ɗaya aka sa a kwanon, aka ɗiga masa man gyaɗa ɗigo uku, hayaƙi ya tashi fari, aka rufe da murfi aka toshe bakin da tsumma mai laima. Ranar farko mun bar shi minti ashirin, ya fito da ɗaci yana kama maƙogwaro. Kwakwa na kama hayaƙi fiye da nama, man jikinta ne ke riƙe shi. Minti shida zuwa bakwai ya wadatar. Ƙanwata ta ƙara jan kunne cewa garwashin ya zama ya nuna sosai, kada a sa itace mai baƙin hayaƙi ko wanda aka kunna da kananzir ko leda, don abin da ke cikin baƙin hayaƙi ba alheri ba ne ga jiki. Baba kuma ya hana itacen darbejiya, ya ce ɗacinsa na bin abinci.

Gashi shi ne mataki na ƙarshe, kuma a nan ake asara. Ba mu da obin, don haka na yi yadda muke gasa kek na Sallah: yashi mai tsabta a ƙasan tukunya, a bar shi ya yi zafi a kan garwashi matsakaici, a ɗora duwatsu uku ƙanana, a aza faranti a kai. Kwakwar a baza ta ɗaiɗai, kada wani ya hau wani. A rufe, amma a bar 'yar kafa tururi ya fita. Duk minti huɗu ko biyar a buɗe a juya, na gefe su dawo tsakiya. Na gwada sau ɗaya a obin ɗin wata ƙawata a Rumde Ajiya, a digiri 160, ya ɗauki minti goma sha uku. A tukunyar yashi yakan kai ashirin.

Minti goman farko ba abin da ke faruwa, sai ka ga kamar wutar ta mutu. A nan zuciya ke raya maka ka ƙara garwashi ko ka je ka yi wani aiki. Kada a yi ko ɗaya. Daga lokacin da gefen ya fara nannaɗewa, man ya fito yana 'yan ƙananan kumfa, tsakanin nuna da ƙonewa bai fi minti biyu ba. Kuma ga abin da ya ruɗe ni har sau biyu: ba ya yin ƙaras a kan wuta. In ka jira ya yi ƙaras kafin ka sauke, ka riga ka ƙona shi. Ana sauke shi ne da sauran laushi, idan launinsa ya kai na ƙuli-ƙuli mai kyau, a juye a wani faranti mai sanyi nan take. Yana hucewa yana ƙarfi. Bayan minti goma in ka karya sai ka ji ƙas.

Ranar da ya fito daidai, wata Alhamis ce, na zuba a takarda na kai wa Baba ɗaki. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya sa a baki, ya daɗe yana taunawa yana kallon bango. Ya ce, "Citta ta yi kaɗan." Ya ɗauki na biyu. Ya ɗauki na uku. Sannan ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Uwata." Na fita tsakar gida na tsaya bayan randa, don ban so ya ga idona.

Ba zan yaudari kowa ba, abin nan bai zama nama ba. Ba ni tare da masu cewa ba za ka iya bambancewa ba. Kilishi ana yagarsa, ana jan sa da haƙori, yana daɗewa a baki yana sakin daɗi a hankali. Wannan kuwa karyewa yake, ya narke da wuri, a ƙarshe kuma zaƙin kwakwa na leƙowa ta ƙarƙashin yajin. Abin da ya ɗauko daga kilishi shi ne farkon: ƙamshin da ke dukan hanci in an buɗe takarda, gishiri da yaji da hayaƙi a kan harshe, da maiƙon da ke saura a yatsa. Ban raina wannan ba, don na ga abin da ya yi.

Da lokacin komawa asibiti ya yi na ƙunsa kaɗan na tafi da shi, na faɗa wa likita duk abin da ke ciki. Ya ce ta fuskar gut kwakwa ba ta da furin mai yawa, ba ta cikin abin da ya hana. Amma ya ja hankalina kan abu uku. Busasshiyar kwakwa giram 100 na ɗauke da kalori kusan 660, kuma mafi yawan manta irin mai daskarewa ne, wanda ba a son dattijo ya yawaita, ga shi ƙiba kanta na tayar da gut. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, duk abincinsa a haɗe. Na uku, kada mu ɗauka mun maye gurbin nama a jikinsa: furotin da ke cikin giram 100 na busasshiyar kwakwa bai wuce giram 7 ba, don haka wake da ƙwai da nono su ne za su yi wannan aikin. Ya ce cikin tafin hannu ɗaya a yini, kuma magani ba fashi. Daga nan na rage gishirin zuwa abin da na faɗa a sama, da can cikakken ƙaramin cokali nake sawa.

Cikin tafin hannu ɗaya ya sa muka koyi barbaɗa shi maimakon ci da yawa. A kan wake da shinkafa da mai da yaji ya fi ko'ina dacewa. Yana kyau a kwaɗon zogale, da kan ɗanwake, da cikin burodi da fiya da safe, wanda yarana suka fi so. A miya ba ya yi, minti biyu ya jiƙe ya koma ba komai, sai dai a barbaɗa a kan abinci lokacin da za a kai baki. Ajiyarsa a kwalba mai murfi, bayan ya huce sarai. Da hunturu yakan yi mana kwana goma lafiya. Da zafin Maris da Afrilu ya shigo, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, man kan fara canza wari da wuri, sai na koma yin na kwakwa ɗaya-ɗaya. In ya yi laushi, minti biyu a busasshen kasko kan wuta kaɗan na dawo da shi.

Sati guda bayan waccan Alhamis ɗin, na zo da la'asar na tarar da tabarma a ƙofar gida, butar shayi a kan gawayi, Baba a wurinsa na da, jingine da bango. Takarda biyu ce a tsakiya, ɗaya kilishin rumfa na abokansa, ɗaya tasa. Na gaishe su zan wuce, sai wani tsohon abokinsa, wanda suka yi fawa tare tun suna samari, ya miƙa hannu ya ɗauki na Baba ya tauna. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ba nama ba ne."

Baba ya ce, "Ni zan gaya maka nama? Kwakwa ce. Ni na yanka, 'yata ta gasa. Ci naka ka bar mini nawa, ƙidayayye ne."

Yanzu duk Lahadi da safe yakan aiko jikansa ya tambaya ko na sayo kwakwar. Yankan ya zama nasa, ba ya bari kowa ya taɓa, ni kuma haɗi da wuta. Har yau muna jayayya a kan citta. Damina kuma ga ta nan tafe, shanya za ta sake gagara, shi ya sa ya sa ƙanena ya ƙera masa ɗan ƙaramin gadon waya mai ƙafa huɗu, wanda za a riƙa ɗorawa can sama da murhu bayan an sauke tuwo, kwakwar ta bushe da ɗumin toka. Ranar Lahadi mai zuwa za mu gwada shi.